Yadda Ake Auna Tasirin Mai Binciken Cututtukan Zuciya ta Hanyar Ambato da Haɗin Gwiwa

Duk lokacin da zangon ƙarin girma ya ƙarato a jami'a, ko aka fitar da sanarwar tallafin bincike daga TETFund ko wata hukuma ta ƙetare, likitocin zuciya sukan shigo laburare da buƙata guda: a fitar musu da alƙaluman da za su nuna cewa ana karanta ayyukansu kuma ana kafa hujja da su. Na daɗe ina yin wannan aiki a Kaduna, ga malaman cikin gari da masu zuwa daga Zariya, kuma abin da na gane shi ne lissafin kansa ba ya cin rabin sa'a, amma tace jerin maƙalun da za a ɗora lissafin a kansu yana iya cinye kwana biyu. Wanda ya tsallake tacewar ya yi kitso da ƙwarƙwata, ko da kuwa rahotonsa ya fito tsaf a ido.

Abin da ake ƙirgawa shi ne ambato. Idan wani mai bincike ya sanya maƙalar likitan a jerin manazartar tasa maƙalar, ambato ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara ambato a rumbu ɗaya a 1955, kundinsa na farko na kimiyya ya fito a 1964, kuma daga wannan tushe duk rumbunan yau suka tsiro.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Excel ko makamancinsa, da data wadatacciya, da filash na ajiyar aiki, domin wuta tana iya ɗaukewa kana tsakiyar sauke bayanai. Kana buƙatar cikakkiyar CV ta likitan, wadda ya sabunta da kansa, da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike mai gurbi 16, idan yana da ita. Idan ba shi da ita, ka zaunar da shi ya buɗe a gabanka. Kyauta ce, kuma za ta rage wa duk wanda zai yi wannan aiki bayanka wahala.

Rumbunan bayanai iri biyu ne. Na kyauta su ne PubMed, Google Scholar, OpenAlex da ya fara aiki a 2022, iCite na Cibiyoyin Lafiya na Amurka, da AJOL mai tattara mujallun Afirka. Na kuɗi su ne Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate. Idan cibiyarka ba ta biya kuɗin waɗannan biyun ba, Scopus yana da shafin leƙe na kyauta da ke nuna yawan maƙalun mutum da jimillar ambatonsa da ma'auninsa na h (bayaninsa yana mataki na 5), sauran aikin kuma OpenAlex zai ɗauka. Sai manhajoji biyu na kyauta: Publish or Perish ta Farfesa Anne-Wil Harzing, domin ɗebo ambato a jere, da VOSviewer ta Jami'ar Leiden da ke Holan, domin zana taswirar abokan aiki.

1. Ka san dalilin awon

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka tambayi likitan inda rahoton zai je. Kwamitin ƙarin girma yakan duba abin da mutum ya wallafa tun bayan muƙaminsa na ƙarshe, masu ba da tallafi sukan fi kula da shekaru 5 na baya-bayan nan, mai neman lambar yabo kuwa yana son dukan rayuwar aikinsa. Ka karanta ƙa'idar hukumar da idonka, domin wasu sun ayyana rumbun da suka yarda da shi. Ka rubuta shekarar farawa da ta ƙarshe a saman jadawalinka, kada ka sauya su daga baya don alƙaluma su ƙara kyau.

2. Ka tattara dukan sunayensa da adiresoshinsa

Nan ne aikin ya fi wuya a ƙasar Hausa. Rumbunan an gina su ne bisa tsarin sunan dangi tsayayye, mu kuwa sunan uba ko na kaka ko na gari muke ɗorawa a ƙarshe, kuma mutum ɗaya yana iya jera sunayensa uku ta hanyoyi daban-daban a tsawon shekaru. Muhammad yana fitowa a matsayin Mohammed, Muhammed ko Mohd. Abdullahi wani lokaci Abdullah ne a wata mujalla. Likita mace tana iya soma wallafa da sunan mahaifinta, daga baya ta koma na maigidanta, ko ta haɗa biyun. A PubMed kuwa sunan yakan koma kalma ɗaya da harafi ɗaya ko biyu, ta yadda Abubakar mai harafin M zai haɗa mutane da dama daga Sakkwato har Malesiya.

Ka zauna da likitan ka ce masa: «Likita, ina so ka rubuto mini kowace siga da sunanka ya taɓa fitowa da ita a maƙala, har da waɗanda mujalla ta yi kuskure.» Haka za ka yi da adireshi. Wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello zai iya fitowa da Zariya, ko Shika, ko ma Kaduna a tsofaffin maƙalu, tun lokacin da asibitin ke da reshe a nan. Wanda ke Barau Dikko zai iya fitowa da sunan asibitin ƙwararru na da, ko na koyarwa na yanzu, ko kuma da sunan Jami'ar Jihar Kaduna kaɗai. Ka kuma tuna cewa kafin 2014 PubMed adireshin marubuci na farko kawai yake ajiyewa, saboda haka idan ka taƙaita nema da kalmar Kaduna ko Zariya, za ka rasa tsofaffin maƙalun da likitan ya zo na uku ko na biyar.

Wani likita ya taɓa kawo mini shafinsa na Google Scholar da ambato masu yawan gaske, yana murna. Da muka bi jerin ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar da maƙalu kan takin zamani da kiwon kaji, na wani mai irin sunansa. Shi bai sa su ba. Ya bar wa shafin ikon ƙara maƙalu da kansa ne, shafin kuma ya yi ta kwasowa. Na ji tausayinsa ƙwarai lokacin da muka share su, amma gara a gano a laburare da a gano a teburin masu tantancewa na waje. Tun daga ranar, abu na farko da nake yi shi ne sauya saitin shafin ta yadda ba za a ƙara maƙala ba sai mai shi ya amince.

3. Ka gina jeri guda mai tsabta

Ka buɗe jadawali, kowace maƙala layi ɗaya. Ginshiƙan su ne: take, shekara, mujalla, lambar DOI (lambar shaidar maƙala ta dindindin), lambar PMID (lambarta a PubMed) idan akwai, yawan marubuta, gurbin likitan a cikinsu, ko shi ne marubucin da ake tuntuɓa, da nau'in aikin. Ka soma da CV, sannan ka nemi kowane layi a rumbunan, sannan ka juya ka duba abin da rumbunan suka jingina masa wanda babu a CV.

Ginshiƙin nau'i yana da muhimmanci a fannin zuciya fiye da yadda sabon shiga yake zato. Ka raba bincike na asali da bitar ayyukan wasu, da rahoton majiyyaci guda, da wasiƙa ga edita, da taƙaitaccen bayanin taro, da ƙa'idojin jiyya, da maƙalun manyan ƙungiyoyi. Taƙaitattun bayanan da ake gabatarwa a tarukan likitocin zuciya sukan fito a ƙarin fitowar mujallu masu suna, kuma ba cikakkun maƙalu ba ne. Ka ware su gefe. Ƙa'idojin jiyya na ƙungiyoyin zuciya biyu na Amurka ana buga su lokaci guda a mujallar Circulation da ta JACC, don haka aiki ɗaya zai fito sau biyu. Ka mai da shi layi ɗaya.

Sai ka duba abu biyu marasa daɗi. Na farko, ko akwai maƙalar da aka janye. Rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da aka janye, ya zama kyauta ta hannun Crossref, hukumar rajistar lambobin DOI, tun 2023, PubMed ma yana sa alama. Maƙalar da aka janye ba ta daina samun ambato: wadda mujallar New England Journal of Medicine ta janye a watan Yunin 2020, kan magungunan zuciya da mutuwa a cutar korona, an ci gaba da ambatonta bayan janyewar. Irin wannan ambato kada ka sa shi a lissafi. Na biyu, mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba. Ka duba sunan mujallar a DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, da jerin mujallun Scopus da kundin PubMed. Sai dai ka yi hattara, domin rashin mujalla a Scopus ba ya nufin ta 'yan damfara ce. Mujallun ƙungiyoyin likitocinmu da dama na gaske ne, suna AJOL, editocinsu sanannu ne, kawai ba su shiga manyan rumbuna ba. Idan ka yi shakka, ka yi wa layin alama, ka bar hukunci ga kwamiti.

4. Ka ɗebo ambato

Ka ƙara ginshiƙai uku: Google Scholar, Scopus ko Web of Science, da OpenAlex ko iCite. Ka cike su duka a rana ɗaya, ka rubuta kwanan wata, domin alƙaluman suna motsi kowane mako. Kada ka tara ginshiƙan wuri ɗaya, kada kuma ka tsinci mafi girma daga kowane layi.

Za ka ga Google Scholar kusan kullum ya fi yawa, saboda yana ƙirga kundayen digiri da littattafai da mujallun gida. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin aibi zalla, ni kuwa ina ganin yana da amfani ga likitanmu. Wanda ya yi bincike kan hawan jini a ƙauyukan Kaduna, masu ambatonsa da yawa likitoci ne masu neman ƙwarewa da ɗaliban digiri na biyu a Najeriya da Nijar da Ghana, kuma Scopus ba ya ganin mafi yawansu. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙin Google Scholar da na Scopus tana nuna inda aikin yake ratsawa, don haka a nuna su duka. Idan kana amfani da Publish or Perish, ka riƙa nema a hankali, domin Google yakan toshe wanda ya yi ta aika tambayoyi a jere, sai ka jira sa'o'i kafin ya sake ka.

5. Ka yi lissafin da hannunka

Ko da rumbu ya ba ka ma'aunin h, ka sake lissafa shi a kan jerinka mai tsabta. Masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma ma'anarsa ita ce mutum yana da maƙalu h da kowacce aka ambata aƙalla sau h. Ka jera maƙalun daga mafi ambato zuwa mafi ƙaranci, ka bi layi har inda lambar layin ta zarce yawan ambaton.

Ga misali na koyarwa. Likita yana da maƙalu 12 masu ambato kamar haka: 310, 48, 27, 19, 14, 11, 9, 7, 5, 3, 1, 0. Maƙala ta 7 tana da ambato 9, ta cika sharaɗi. Ta 8 tana da 7, ba ta kai 8 ba. Ma'aunin h ɗinsa 7 ne. Jimillar ambato 454 ce, kuma maƙalun da suka kai ambato 10, wato abin da Google Scholar ke kira i10, guda 6 ne. Idan ka raba 454 gida 12 za ka samu kusan 38, amma wannan adadi yaudara ne, domin maƙala ɗaya ce ta ɗauki 310. Na tsakiya, tsakanin 11 da 9, shi ne 10, kuma shi ya fi bayyana yadda maƙalar wannan likita take a al'ada.

Ma'aunin h ba ya taɓa sauka, kuma yana fifita wanda ya daɗe. Domin haka Hirsch ya ƙara ma'aunin m, wato a raba h da shekarun da suka wuce tun maƙalar farko. Idan likitan misalinmu ya fara wallafa shekara 14 da suka wuce, m ɗinsa 0.5 ne. Idan akwai shekarun da ya bar bincike saboda jego, ko rashin lafiya, ko riƙe shugabancin asibiti, ka faɗa a rahoto.

6. Ka ware ambaton kai da maƙalun taron dangi

Ambaton kai ba laifi ba ne. Wanda ke bin majiyyata iri ɗaya shekara da shekaru dole ya koma ga aikinsa na baya. Abin da ake so shi ne a nuna lissafi biyu, da shi da kuma ba shi. Scopus na kuɗi yana da maɓallin cire shi. Idan ba ka da shi, ka buɗe jerin masu ambaton manyan maƙalu goma a Google Scholar ko OpenAlex, ka ƙirga waɗanda sunan likitan ke ciki. Idan ambaton kai ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, ko ka ga mutum uku zuwa huɗu suna ta ambaton juna a mujalla ɗaya, ka zauna ka karanta maƙalun kafin ka rubuta komai.

Maƙalun manyan ƙungiyoyi su ne babbar matsalar fannin zuciya. Rahotannin Global Burden of Disease, wato binciken nauyin cututtuka a duniya, suna fitowa da sunayen ɗaruruwan mutane, kuma wasu daga cikin rahotannin suna samun dubban ambato. Maƙala ɗaya irin wannan tana iya rinjayar duk abin da mutum ya rubuta da hannunsa. Ka koma misalinmu: idan mai ambato 310 ta irin wannan ƙungiya ce, cire ta zai mai da jimilla 144, amma h zai tsaya a 7. Wanda yake da irin waɗannan maƙalu ashirin kuwa, h ɗinsa ma zai kumbura. Ni nakan ja layi a marubuta 25 ko 50, in fitar da lissafi biyu, in kuma faɗi inda na ja layin.

Akwai bambanci tsakanin marubuci da mai tallafa wa aiki. A manyan gwaje-gwajen magani, likitan da ya shigar da majiyyata daga asibitinsa sau da yawa sunansa yana ƙarshen maƙala a jerin masu bincike na cibiyoyi. PubMed yana nuna su a wani sashe daban ƙarƙashin sunan ƙungiyar. Wannan gudummawa ce ta gaske, ta cancanci sakin layi nata a rahoto, amma kada a jera ta da maƙalun da ya rubuta.

7. Ka daidaita da fanni da shekaru

Ambato 20 a maƙala kan sabon maganin gazawar zuciya ba daidai yake da ambato 20 a maƙala kan ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara ba. Na farko dubban masu bincike ne a kansa a Turai da Amurka, na biyu kuwa, duk da ɓarnar da yake yi a nan, masu rubutu a kansa kaɗan ne. Saboda haka ake da ma'aunai masu kwatanta maƙala da takwarorinta. Ka kwafe lambobin PMID ka zuba a iCite, zai ba ka ma'aunin RCR na kowace maƙala, inda 1.0 ke nufin matsakaiciyar maƙalar da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka ɗauki nauyinta a wannan fanni. Scopus yana da FWCI, inda 1.00 ke nufin matsakaicin duniya ga maƙalu masu fanni da shekara da nau'i ɗaya. Maƙalun da ba su cika shekara biyu ba, kada ka yanke musu hukunci da waɗannan.

Wasu ayyuka kuma a hankali suke nuna kansu. Binciken da Davidson da Parry suka wallafa a 1978 kan gazawar zuciyar masu jego a Zariya, wanda ya duba alaƙarta da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta, har yau masu rubutu kan wannan ciwo suna komawa gare shi. Awon shekara biyu ko biyar ba zai taɓa kama irin wannan ba, shi ya sa nake zana ambaton kowace babbar maƙala shekara-shekara.

Game da ma'aunin tasirin mujalla, ka sani cewa na mujalla ne: ambaton da maƙalunta na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawansu. Maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 ta ce kada a yi amfani da shi wajen auna mutum, kuma ƙa'idoji goma na Leiden da suka fito a mujallar Nature a 2015 sun ce alƙaluma su tallafa wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa. Idan hukumar ta nace a sa shi, ka sa shi a ginshiƙin mujalla, na shekarar da maƙalar ta fito.

8. Ka zana haɗin gwiwa

Ka fitar da jerinka mai tsabta a fayil daga Scopus ko Web of Science ko PubMed, ko ka bar VOSviewer ya ɗebo daga OpenAlex. Ka zaɓi taswirar marubuta tare. Manhajar tana da zaɓin yin watsi da maƙalu masu marubuta da yawa, wanda aka saita a 25. Ka bar shi a kunne, in ba haka ba maƙalar ƙungiya guda za ta cika allon da sunayen mutanen da likitan bai taɓa gani ba. Ka zaɓi ƙirgen kaso, wanda ke rage nauyin maƙala gwargwadon yawan marubutanta. Za ka ga abokin aiki ɗaya ya rabu gida uku saboda bambancin rubutun suna. Ana haɗe su da ƙaramin fayil mai ginshiƙi biyu, sunan da ya fito da sunan da za a maye da shi. Bayan ta marubuta, ka fitar da ta cibiyoyi, sannan ta ƙasashe idan fayil ɗin yana ɗauke da su.

Idan manhajar ta ƙi aiki, jadawali ya isa. Ka ƙara ginshiƙi ka raba kowace maƙala gida huɗu: shi kaɗai, cikin cibiyarsa, da wasu cibiyoyin Najeriya, da ƙetare. Na ƙetaren ka sake raba su, na Afirka da na wajenta.

Taswira mai yawan zare tana burge ido, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane ne ke jan ragamar aikin. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ya yi mafi yawan aikin, na ƙarshe yawanci shi ne jagora, na tsakiya kuwa sai an bincika. Ka ƙirga maƙalun ƙetare da likitan ya zo na farko, ko na ƙarshe, ko wanda ake tuntuɓa. Ka karanta sashen bayanin gudummawa a ƙarshen maƙala. Mujallu da yawa yanzu suna bin tsarin CRediT mai rawa 14, daga tsara bincike zuwa nazarin bayanai da rubutu. Likitan da sunansa ke tsakiya a maƙalu talatin, kuma rawarsa kullum tattara majiyyata ce, yana da haɗin gwiwa mai faɗi amma bai riƙe akalar ba. Wannan ba laifinsa ba ne sau da yawa, domin kuɗin daga waje suke zuwa da sharuɗɗansu, amma rahoto na gaskiya ya kamata ya nuna shi.

Akwai misalan jagoranci daga gida da za ka iya riƙewa a zuciya. Gwajin CREOLE da ya fito a New England Journal of Medicine a 2019, wanda ya kwatanta haɗin magungunan hawan jini a majiyyata 728 daga ƙasashen Afirka shida, Dike Ojji ne na Abuja ya jagorance shi. Rijistar PEACE ta masu ciwon zuciyar jego a Najeriya kuwa Farfesa Kamilu Karaye ne ya jagorance ta daga Kano, da cibiyoyi daga sassan ƙasar. A irin wannan aiki, taswirar takan nuna mutumin a tsakiya yana haɗa rukunonin da ba su da wata mahaɗa sai shi.

Abu na ƙarshe da nake dubawa a taswira shi ne ƙananan likitoci. Idan ka ga sunan da ya fara fitowa a tsakiya, bayan shekara uku ya zama na farko, likitanmu kuma ya koma na ƙarshe, wannan alamar raino ce. A jihar da likitocin zuciya ba su da yawa, ina ganin wannan ya kai kowane ma'auni daraja, kuma nakan rubuta shi ɓaro-ɓaro.

9. Ka karanta masu ambaton

Ka ɗauki manyan maƙalu biyar, ka buɗe aƙalla goma daga masu ambaton kowacce. Ka ga ko an ambace ta ne a gabatarwa cikin jerin wasu takwas, ko an ari hanyar bincikenta, ko an musanta sakamakonta. Ka nemi ambato a ƙa'idojin jiyya na ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, ko takardun takwararta ta Afirka, wato PASCAR, ko na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ambato ɗaya a ƙa'idar jiyya yana nufin aikin ya kai ga takardar maganin da ake rubuta wa majiyyaci.

10. Ka rubuta rahoton

Shafi biyu sun isa, sai rataye. A shafin farko ka faɗi dalilin awon, da shekarun da ya ƙunsa, da rumbunan da ka yi amfani da su, da ranar ɗebo alƙaluma, da sigogin sunan da ka nema, da abin da ka cire da dalilin cirewa. Sai tebur ɗaya mai nuna yawan maƙalu, jimillar ambato, na tsakiya, h, da m, kowanne a rumbu biyu, kuma kowanne da maƙalun ƙungiya da ambaton kai da kuma ba su. A shafi na biyu ka sa taswirar, da rabon haɗin gwiwa gida huɗu, da gurbin marubuci, da sakin layi ɗaya-ɗaya kan manyan maƙalu biyar. Idan za a kwatanta shi da wasu, a kwatanta shi da likitocin zuciya masu shekarun aiki irin nasa da yanayin aiki irin nasa, a rumbu ɗaya, a rana ɗaya.

Kafin ka miƙa, ka kira likitan ku bi rataye layi-layi. Sau da yawa a nan ne zai tuna da maƙalar da ta fito da sunansa a karkace, ko ya nuna maka wadda ba tasa ba da ta kuɓuce maka. Idan ya roƙi a mayar da wani abu da ka cire, ka nuna masa sakin layin da ya bayyana dalili, ka kuma ba shi damar rubuta nasa bayanin a haɗa da rahoton. Bayan kun daidaita, ka aika wa Scopus buƙatar gyaran shafinsa domin a haɗe sunayen da suka rabu, ku sabunta ORCID ɗinsa da jerin mai tsabta, sannan ka ajiye jadawalin da hotunan allon da ka ɗauka a ranar, kwafi ɗaya a filash, ɗaya a imel ɗinsa.